Giraf ko fomula? Muhawara kan lissafin kwadiratik kafin WAEC

Yayar 'yar SS3: Salam 'yan uwa, dan Allah malaman lissafi na gidan nan a taimaka mana. Ƙanwata ce ke shirin WAEC, an ba su aikin gida su zana giraf na y = 2x² − 3x − 5 daga x = −2 zuwa x = 4, sannan su karanto amsar 2x² − 3x − 5 = 0 daga jikin zanen. Ta yi teburinta ta samu −7, −4, −5, −6, −3, 4, 15, da ta ɗora a takardar giraf sai abin ya hau ya sauko ya sake hawa, kuma sau ɗaya kacal ya tsallaka layin x alhali da ta bi ta fomula amsa biyu ta samu, 2.5 da −1. Yanzu ta rikice tana tambayata wai ko giraf daban fomula daban ne, ni kuma ba ɓangaren kimiyya na karanta ba

Ɗan JAMB: Anti amsar fomular ce daidai. Ki ce mata ta riƙe babbar fomula kawai ta haddace ta kamar sunanta, x = [−b ± √(b² − 4ac)] / 2a, babu kwadiratik ɗin da ba ta warwarewa, wato duk ikweshan mai siffar ax² + bx + c = 0. Giraf ɓata lokaci ne wlh

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Hajiya matsalar ba a giraf take ba, a teburin take, kuma gurbi biyu ne kawai suka lalace, na x = −2 da na x = −1. Na tabbata kalkuleta ta danna. In ka rubuta −2² a kalkuleta ba tare da ka sa −2 ɗin a cikin baka ba, za ta fara ninka 2 sau 2 sannan ta liƙa masa mainos ta ba ka −4, alhali abin da ake so shi ne −2 sau −2 wato 4. To ki duba: 2 sau 4 takwas kenan, −3 sau −2 shida, a ɗebe 5, ya zama 9 ba −7 ba. Na −1 kuma 2 a tara 3 a ɗebe 5, sifili. Teburin gaskiya shi ne 9, 0, −5, −6, −3, 4, 15. Kin ga tun a teburin ma −1 ɗin da fomula ta ba ta ya fito fili tunda y ya zama sifili a wurin, ɗaya amsar kuma tana tsakanin 2 da 3 domin nan ne y ya tashi daga −3 ya koma 4, dole ya bi ta sifili a hanya.

Malamin lissafi: Sannan ta riƙe wannan, giraf ɗin kwadiratik lanƙwasa ɗaya yake yi tak. Kamar ƙwarya ne, in lambar da ke gaban x² ba ta da mainos ƙwaryar a zaune take bakinta sama, in da mainos a kife take. Duk ranar da ta ga zanenta ya hau ya sauka ya sake hawa, kar ta zargi takarda, ta koma tebur.

Yayar 'yar SS3: Allah ya saka da alheri Malam, na tura mata

Malamin lissafi: Ɗan JAMB kai kuma ban yarda da maganarka ba gaskiya. Yarinyar nan da ba don giraf ɗin ba yaushe za ta san tana da matsala da mainos? Sa'a ta yi a fomula wannan karon, amma wanda ke danna −2² ya karɓi −4 gobe zai danna b² lokacin da b yake −3 ya karɓi −9, ya samu 31 a maimakon 49, ya rubuta amsarsa ya fita yana murna babu abin da zai ankarar da shi.

Ɗan JAMB: Malam Allah ya gafarta, ni ina magana ne kan lokaci. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, lissafi kaɗai 40, wa zai tsaya yana zana wani abu? Ko a WAEC ɗin ma giraf yana cikin tambayoyin da ake zaɓa ne a kashi na biyu, za ka iya tsallake shi ka yi wasu ka ci kiredit ɗinka lafiya lau

Malamar 'yan mata: Ɗana tsallakewar nan ita ce asara. Tambayar giraf na cikin masu sauƙin maki a tiyori, domin maki a rarrabe yake, cike tebur da nasa, bin sikelin da aka ba ka da nasa, ɗora ɗigo da nasa, zana lanƙwasar da nasa, kafin ma a zo kan karanta amsa. Yaron da bai da ƙarfi sosai a lissafi zai iya kwasar fiye da rabi in dai yana da natsuwa da fensir mai tsini. Ni abin da ke damuna yara da yawa ba su taɓa riƙe takardar giraf ba sai a mok, ajinmu cike yake maƙil kuma babu allon giraf, sai dai in ja layuka da alli da kaina kafin a shigo, to ta yaya yarinya za ta saba da "santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 a matsayin 5 a layin y" in ba ta taɓa ƙirga ƙananan gidajen nan da hannunta ba

Malamar 'yan mata: In santimita 2 na wakiltar 5 kuma ƙananan gidaje goma ne a ciki, kowane ƙaramin gida rabi ne wato 0.5. A layin x kuma kowane gida 0.1 ne. Nan ne ake yawan faɗuwa, sai ka ga yarinya tana ƙirga gida ɗaya a matsayin 1 a ko'ina

Tsohon ɗalibi: Malama kin tuna min da tsinken tsintsiya. Mu da shi muke fitar da lanƙwasar, a samu ɗanye mai laushi a lanƙwasa shi ya bi ta kan ɗigogin, abokinka ya riƙe maka kai kuma ka bi da fensir

Malamar 'yan mata: Har yanzu muna amfani da shi a aji. Amma a ɗakin jarabawa ba mai riƙe maka, gara hannu ya saba. Dabara ita ce ka juya takardar yadda hannunka zai kasance a cikin lanƙwasar, ka ja sau ɗaya ba tare da ɗaga fensir ba. Abin da ba a so shi ne haɗa ɗigo da ɗigo da rula, ko a yi wa gindin tsini.

Malamin lissafi: Maganar gindin nan tana da muhimmanci. A wannan tambayar mafi ƙanƙantar lamba a tebur −6 ce a x = 1, sai yara su ɗauka nan ne ƙarshen gangarowa. Ba nan ba ne. Tsakiyar zanen tana daidai rabin tazarar amsoshin biyu, −1 da 2.5 in ka tara su ka raba biyu 0.75 kenan, haka ma in ka bi ta −b/2a wato 3/4. In ka sa 0.75 a cikin lissafin y zai ba ka −6.125. Saboda haka lanƙwasar sai ta ɗan zarce −6 ƙasa kaɗan tsakanin 0 da 1 kafin ta juyo. In an tambayi mafi ƙanƙantar y ka rubuta kusan −6.1, kuma layin da ya raba zanen gida biyu daidai shi ne x = 0.75.

Baban yara: Ni dai tambayata ɗaya ce malamai, kuma ba da raini ba. Mun yi wannan abu a sakandare, yau ga 'ya'yanmu na yi, har yau ban ga inda x² ta shigo harkata ba. Kullum kuɗin lesin, kullum kuɗin littafi. In don jarabawa ce kawai a faɗa mana don jarabawa ce mu haƙura

Injiniya: Alhaji tana shigowa, ba a dai rubuta ta da x ne. Ɗauki filoti. A ce dillali ya ce maka faɗin filin gaba ɗaya murabba'in ƙafa 5000 ne kuma tsawon ya fi faɗin da ƙafa 50, nawa ne kowane gefe? In faɗin x ne tsawon x + 50, ka ninka su ka samu x² + 50x = 5000. Amsoshi biyu za su fito, 50 da −100, ka watsar da mai mainos tunda babu fili mai faɗin −100, ya rage hamsin da ɗari, filotin da kowa ya sani. Duk inda aka ninka tsawo da faɗi kuma ɗayan ya dogara da ɗayan to kwadiratik ta shigo.

Injiniya: Ga wanda ya fi wannan amfani. Kana da wayar shinge mita 60 za ka kewaye wa kaji ko awaki wuri a jikin katangar gidanka, katangar ta tare gefe ɗaya kenan saura uku. Yaya za ka ja wayar ka samu fili mafi girma? In gefunan biyu da suka fito daga katanga kowanne x ne, na ukun 60 − 2x, filin kuma x(60 − 2x). Gwada 10 ka samu 400, gwada 20 ka samu 400 ɗin dai, gwada 15 ka samu 450. Wannan giraf ne mai kife, ƙololuwarsa na kan 15. Da waya ɗaya da kuɗi ɗaya wani ya samu 400 wani 450. Mu a wurin aiki kuwa ba a magana, lanƙwasar kwanon dish ɗin da ke kan rufinka farabola ce, wato irin lanƙwasar giraf ɗin nan, an yi ta haka ne don duk siginar da ta faɗo ta taru a wuri ɗaya inda aka ɗaura kan nan, haka madubin cikin fitilar mota, haka hanyar da ƙwallo ke bi in an buga ta sama. Galileo ne ya nuna wannan na ƙarshen a littafinsa na 1638.

Baban yara: To na shingen nan na gane shi kuma na yarda. Amma me ya hana a koya musu haka tun farko? Yarona in ka tambaye shi sai ya rera maka fomula kamar waƙa, in ka ce me ake nema da ita shiru

Malamin lissafi: Alhaji abin da nake ta faɗa kenan. Haddar ba laifi ba ce, ni ma ina sa su haddace, amma fomular ba daga sama ta faɗo ba kuma layi huɗu ne kawai ke fito da ita. Ka ɗauki ax² + bx + c = 0, ka ninka ko'ina da 4a ya zama 4a²x² + 4abx + 4ac = 0. Ka mayar da 4ac ɗaya gefen, ka ƙara b² a gefe biyun, hagu ya zama (2ax + b)² cif, dama kuma b² − 4ac. Ka ɗauki sikwaya rut, ka ɗebe b, ka raba da 2a. Shi kenan. Yaron da ya ga wannan ko sau biyu ba zai ƙara tambayar me ya sa 2a take ƙarƙashin komai da komai ba, domin wani kuskuren da suke yi kenan, su raba abin da ke cikin rut kaɗai da 2a su bar −b a waje.

Mai son tarihi: Malam wannan dabara ta cike murabba'i ai tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Babila sun bar allunan yumɓu na kusan shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) masu ɗauke da irin tambayar filotin da Injiniya ya kawo, an ba ka girman fili da bambancin tsawo da faɗi a ce ka nemo su. Brahmagupta a Indiya ya rubuta ƙa'idar warware ta a shekarar 628. Sai Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, wajen shekarar 820, ya rubuta littafinsa na Al-Jabr wal Muƙabala ya tsara abin babi babi. Babu x babu y a ciki, da zance yake rubutawa. Shahararren misalinsa shi ne dukiya ɗaya da saiwoyinta goma sun yi daidai da dirhami 39, wato x² + 10x = 39 a rubutunmu na yau. Ya ce ka raba goma biyu ka samu 5, ka ninka ta da kanta 25, ka tara da 39 ya zama 64, saiwarta 8, ka ɗebe 5 saura 3. Kuma bai tsaya nan ba sai da ya zana murabba'i na gaske ya nuna gurbin da 25 ɗin ke cikewa. Wani babban ɓangare na littafin ma kan lissafin wasiyya da rabon gado ne, don mutane su yi amfani da shi aka rubuta ba don jarabawa ba

Ɗan JAMB: Amma x² + 10x = 39 ai amsa biyu gare ta, akwai −13. 169 a ɗebe 130 saura 39

Mai son tarihi: Haka ne, shi bai lissafa da lambobi masu mainos ba, shi ya sa ma ya raba ikweshan ɗin gida shida maimakon fomula ɗaya, domin ko'ina yana so lambobin su kasance ba mainos. Gefen murabba'i ba ya zama −13. Haɗa lissafin da zane a kan layuka biyu irin wanda yara ke yi yanzu kuwa sai daga baya sosai, lokacin Descartes na Faransa a 1637 da Fermat

Malamar 'yan mata: Zanen Khawarizmi nake yi musu da kwali. In yanka murabba'i ɗaya gefensa x, da dogaye biyu kowanne x da 5, in jera ɗaya a dama ɗaya a ƙasa, sai kusurwa ta rage fanko, in ce wa zai faɗa min girman abin da ya ɓace? Su da kansu ke cewa biyar sau biyar. Daga ranar "rabin b ka ninka shi da kansa" ya daina zama abin hadda. Sai dai gaskiya Malam ni ban yarda a fara da fito da fomula da haruffa ba, a, b, c ɗin nan na tsorata 'yan SS1, sai sun jiƙu da lambobi tukuna.

Malamin lissafi: Ban ce a fara da ita ba Malama. Ni tsarina giraf ne farko, tun kafin fakta, wato mayar da ikweshan baka biyu da ake ninkawa. Su ga lanƙwasar da idonsu, su ga inda ta taɓa layin x, sannan in ce to ga hanyoyin samun wuraren nan biyu ba tare da zane ba.

Malamar 'yan mata: Ni kuma fakta nake farawa da ita don manhaja haka ta jera kuma ita ce mafi sauri in lambobin sun yi daɗi. Wannan ta 'yar SS3 ɗin ma ai tana faktuwa. 2 sau −5 ya ba da −10, nemo lambobi biyu da in an ninka su −10 in an tara su −3, wato 2 da −5. Sai ya zama 2x² + 2x − 5x − 5, ka fitar da 2x a biyun farko da −5 a biyun ƙarshe, (2x − 5)(x + 1) = 0. Ga 2.5 ga −1. Giraf a farko yana cin darasi biyu ko uku kuma rabin ajin ba su da takardar

Malamin lissafi: Matsalar farawa da fakta ita ce yara na koyon motsin hannu ba tare da dalili ba. Ba su san cewa duk abin ya rataya ne kan magana ɗaya ba, in ka ninka abu biyu ka samu sifili to dole ɗayansu sifili ne. Gwada ba su (x − 2)(x − 3) = 6 ki gani, da yawa za su rubuta x − 2 = 6 ko x − 3 = 6 su ce 8 da 9. Alhali sai an buɗe baka an kwaso 6 ɗin, x² − 5x = 0, amsa 0 da 5. A nan ma wani tarkon na jira, wasu za su ce x² = 5x su raba ko'ina da x su samu 5 kaɗai, sifilin ya salwanta. Wanda ya saba ganin lanƙwasa tana yanka layi a wuri biyu zai tsaya ya ce ina ɗayar.

Malamar 'yan mata: Wannan kam gaskiya ne ina ganinsa a takardunsu. Amma maganinsa a nanata dalilin ne, ba lallai sai an juya manhaja ba. Kowa dai da ajinsa

Ɗan Damagaram: Sannunku malamai. Mu nan Nijar a lise, wato babbar sakandare, abin da aka fi matsa mana shi ne delta, wato b² − 4ac ɗin nan, shi ake fara lissafawa shi kaɗai a gefe kafin a taɓa komai. In ya fi sifili amsa biyu, in sifili ne amsa ɗaya, in mainos ne a rubuta babu amsa a cikin lambobin gaske a wuce. Na ga kamar ku a Najeriya kuna cusa komai cikin fomula lokaci ɗaya shi ya sa mainos ke ɓace wa yara a hanya. In an ware delta daban kuskure na raguwa sosai, kuma in ya fito 49 ko 25 ko 64 ka san tun nan cewa abin zai faktu

Malamin lissafi: Wannan tsari ne mai kyau kuma ina goyon bayansa. Ga yadda yake a jikin giraf ɗin da muke magana. A WAEC suna son su ce yi amfani da zanenka ka warware wata ikweshan daban, misali 2x² − 3x − 9 = 0. Ba sabon zane za ka yi ba. Ka juya ta har gefen hagu ya koma irin naka, 2x² − 3x − 5 = 4, sai ka ja miƙaƙƙen layi a y = 4, inda ya yanki lanƙwasar nan ne amsa, 3 da −1.5. To yanzu ka yi ta sauko da layin nan ƙasa, amsoshin biyu suna ta matsowa kusa da juna, a −6.125 su haɗe su zama ɗaya, nan ne delta ya zama sifili. Ka sauko −8, layin bai taɓa komai ba. Lissafa ka gani, 2x² − 3x + 3 = 0, delta 9 a ɗebe 24, −15. Abin da ɗan uwanmu na Damagaram ke gani a lamba shi ne yaro ke gani da ido a takarda, abu ɗaya ne.

Ɗan JAMB: To idan suka ce 2x² − 4x − 6 = 0 fa, x ɗin ma ya canza

Malamin lissafi: Hanya ɗaya ce. Me za ka ƙara wa −4x − 6 ya koma −3x − 5? x + 1. Ka ƙara shi gefe biyun, sai ka zana layin y = x + 1, ɗigo biyu ko uku sun isa tunda miƙaƙƙe ne, nan kam da rula. Zai haɗu da lanƙwasar a x = −1 da x = 3. Kuma kai da ke maganar JAMB, suna kawo hoton giraf su ce wace ikweshan ce wannan, ko su ce nemo wata lamba k da ke cikin ikweshan in amsoshin daidai suke da juna. Ta farko babu abin da fomula za ta yi maka, ta biyu kuma delta = 0 ce kawai. Wanda ya fahimci zanen cikin daƙiƙa kaɗan zai gama.

Ɗan JAMB: Na ji wannan Malam. Amma har yanzu in aka ba ni lambobi marasa daɗi fomula zan bi

Malamin lissafi: Ita ya kamata ka bi a wurin, musamman in an ce a ba da amsa zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, wannan alama ce cewa ba za ta faktu ba kar ka ɓata lokacin nema.

Injiniya: Ga masu waya a gida, akwai GeoGebra da Desmos, kyauta ne. Ka rubuta ikweshan ɗin zanen ya fito nan take, yaro ya canza 2 ɗin ya koma −2 ya ga ta kife, ya canza −5 ya ga tana hawa da sauka. Amma ya fara yi da hannu tukuna sannan ya duba, ranar jarabawa ba waya

Malamar 'yan mata: Haka ma masu kalkuletar da ke fitar da amsar kwadiratik kai tsaye. A tiyori amsa tsurarta ba aiki ba ta kawo cikakken maki, hanyar ake bi ana ba da maki. Su yi aikinsu layi layi, in suna son tabbatarwa akwai hanya mai sauƙi ba ma sai da na'ura ba, tara amsoshin biyu dole su ba ka −b/a, ninka su dole su ba ka c/a. 2.5 da −1 in an tara 1.5 wato 3/2, in an ninka −2.5 wato −5/2.

'Yar SS2: Malamai ina wuni, ina bin bayanan nan tun ɗazu. Dan Allah a duba min wannan, 2x² − 5x − 1 = 0 zuwa gurbi biyu. Na ware delta kamar yadda yayanmu na Nijar ya ce na samu 33, rut ɗinsa 5.7, sai na samu 2.68 da −0.18 amma amsar bayan littafi 2.69 da −0.19 ce

Malamin lissafi: Lafiya lau 'yata, aikinki daidai ne har zuwa 33, kin kuma kula da mainos ɗin c da kyau tunda 25 a tara 8 kika yi. Wurin rut ɗin ne kika yanke da wuri. √33 shi ne 5.7446, ki bar shi da gurbi huɗu har ki gama. 5 a tara 5.7446 a raba da 4 ya ba da 2.686, 5 a ɗebe 5.7446 a raba da 4 ya ba da −0.186, sai a layin ƙarshe ki taƙaita su zuwa 2.69 da −0.19. In an ce gurbi biyu, ki riƙa aiki da huɗu a tsakiya.

'Yar SS2: Na gode Malam. In na zana giraf ɗinta fa zan iya samun 2.69 daidai?

Malamin lissafi: A'a, da sikelin santimita 2 ga 1 ƙaramin gida ɗaya 0.1 ne, abin da idonki zai iya karantawa 2.7 da −0.2 ne kuma shi ake so ki rubuta in daga zane aka ce ki karanto, masu duba takarda suna ba da ɗan sassauci a kai. Kar ki lissafa da fomula ki kwafo 2.69 ki ce daga giraf kika gani, ki ja ɗan layi ko ki sa alama a inda lanƙwasar ta yanki layin x a ga cewa daga nan kika ɗauko. Ki gwada ta daga x = −1 zuwa x = 4 ki turo teburin nan mu duba kafin ki ɗora.